Ranar da Kasuwa ba ta Ci: Hutun Lahadi a Jamus da Tambayar Mallakar Lokaci

Daga cikin al'adun yau da kullum da suka bambanta Jamus da yawancin ƙasashe masu ƙarfin masana'antu, akwai yadda harkar saye da sayarwa take tsayawa cak a duk ranar Lahadi, tun daga manyan birane irin su Hamburg da Munich har zuwa ƙananan ƙauyuka. Jamusawa suna kiran wannan yanayi Sonntagsruhe, wato natsuwar Lahadi, kuma abin da ya sa ya cancanci nazari shi ne cewa tsarin mulkin ƙasar ne da kansa ya ba shi kariya, alhali gwamnatin da ke tsare shi ba ta da addinin hukuma, sannan mafi yawan mutanen da ke hutawa a ranar ba sa zuwa majami'a. Tambayar da ke tasowa daga nan ta addini ce kuma ta falsafa: shin ranar da aka keɓe da farko domin ibada tana iya ci gaba da zama haƙƙi a kan jama'a bayan ibadar ta ragu, kuma idan tana iyawa, mene ne ainihin abin da ake tsarewa a cikinta?

Kafin a shiga hujjoji, ya kamata a ga yadda ranar take a aikace. Da yammacin Asabar manyan kantunan kayan abinci sukan cika maƙil, domin kowa ya san cewa wanda ya manta da madara ko man girki sai ya haƙura zuwa safiyar Litinin, ko kuma ya nufi tashar jirgin ƙasa ko gidan mai, inda doka ta yarda a sayar wa matafiya abin buƙata, galibi da tsada. Idan gari ya waye ranar Lahadi, manyan motocin dakon kaya da nauyinsu ya haura tan 7.5 sukan yi layi a wuraren hutawa na gefen babbar hanya, saboda an hana su tafiya daga tsakar dare har zuwa ƙarfe 10 na dare, in ban da masu ɗauke da kayan da ke saurin lalacewa. A unguwannin zama ba a tayar da injin yanke ciyawa, kuma a jikin manyan akwatunan da ake jefa kwalabe domin a sake narkar da su akan rubuta cewa kada a jefa kwalba ranar Lahadi, tunda ƙarar fashewarta tana damun maƙwabta. Gidajen burodi kan buɗe na 'yan sa'o'i da safe, ƙararrawar majami'a ta kaɗa, iyalai su fita yawon ƙafa a lambu ko a bakin daji, da la'asar a zauna shan gahawa da kek tare da kakanni, da ƙarfe 8:15 na dare kuma miliyoyin mutane su zauna kallon Tatort, shirin binciken laifuka da gidan talabijin na ARD yake nunawa tun 1970. Hatta zaɓen majalisar tarayya doka ta ce a yi shi ranar Lahadi ko ranar hutun hukuma, domin kada aiki ya hana kowa jefa ƙuri'a.

Asalin wannan tsari yana komawa ga umarnin kiyaye ranar Asabar da ke cikin Attaura, wanda ya haɗa maigida da 'ya'yansa da bayinsa da baƙonsa har da dabbobinsa a cikin hutu guda. Kiristocin farko sun mayar da taronsu zuwa Lahadi saboda imaninsu cewa a ranar ce Almasihu ya tashi, sannan a shekara ta 321 Sarkin Rum Konstantin ya ba da umarni a rufe kotuna da sana'o'in birni a wannan rana, ko da yake ya bar manoma su yi aikin gonarsu. A Jamus, jagoran Furotesta Martin Luther ya ba lamarin wata fassara mai muhimmanci a babban littafinsa na koyar da addini na 1529, inda ya nuna cewa babu wata rana da ta fi wata tsarki a karan kanta, amma ana ware rana ɗaya saboda dalilai biyu: barori da ma'aikata da suka sha aiki mako guda su huta jikinsu, jama'a kuma su sami lokacin taruwa su ji maganar Allah. Zuwan masana'antu a ƙarni na 19 ya kusa shafe wannan al'ada, domin masu masaƙu da ma'adinai sun ga asara ce a kashe inji na yini guda, har ya zama mata da yara suna aiki kwana bakwai a mako. Malaman coci da ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda ba su cika shan inuwa ɗaya ba a wancan zamani, su ne suka haɗu a kan wannan batu, kuma duk da adawar shugaban gwamnati Bismarck, wanda ya yi ta cewa ma'aikaci zai rasa ladan yini guda, an zartar da dokar kare ma'aikata a 1891, shekara ɗaya bayan saukarsa, wadda ta hana aikin Lahadi a masana'antu.

Matakin da ya fi kowanne tasiri shi ne na 1919, lokacin da tsarin mulkin Weimar ya tanadi a sashe na 139 cewa Lahadi da ranakun bukukuwan da hukuma ta amince da su za su ci gaba da samun kariyar doka, a matsayin ranakun hutawa daga aiki da ɗaukakar ruhi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tsarin mulkin 1949 ya ɗauko wannan sashe yadda yake ta hanyar sashe na 140, kuma yana aiki har yau. Abin lura shi ne cewa sashen bai ambaci Allah ba, bai ambaci coci ba, bai kuma umarci kowa da yin ibada ba, sai dai ya riƙe dalilan Luther guda biyu ya sake musu lafazi ta yadda mai bi da marar bi za su iya karɓa. Hutun jiki ya zauna yadda yake, jin wa'azi kuma ya koma ɗaukakar ruhi, wadda aka bar wa kowane mutum ya neme ta inda ya ga dama, a majami'a ko a littafi ko a wajen iyali. A kan wannan tushe ne dokar lokutan aiki ta 1994 ta hana sa ma'aikaci aiki ranar Lahadi, ta kuma ce waɗanda aikinsu ba ya tsayawa, kamar ma'aikatan asibiti da 'yan kwana-kwana da direbobin jiragen ƙasa da masu gidajen abinci, dole su sami aƙalla Lahadi 15 a shekara ba tare da aiki ba, a kuma biya su da wata ranar hutu a madadin duk Lahadin da suka yi aiki.

Sai dai al'ummar da aka rubuta wa wannan sashe a 1919 ta sauya ƙwarai. A wancan lokaci kusan kowane Bajamushe ɗan cocin Katolika ne ko na Furotesta, amma a farkon shekarun 2020 adadin 'yan waɗannan manyan coci biyu ya faɗi ƙasa da rabin jama'ar ƙasar, kuma a 2022 kaɗai mutane fiye da 500,000 suka fice daga cocin Katolika a hukumance, abin da ke ɗauke musu harajin coci na kashi 8 ko 9 cikin ɗari na harajin kuɗin shigarsu. A cikin waɗanda suka rage ma, ba a samun ɗaya cikin goma da ke halartar ibada kowace Lahadi, yayin da a jihohin gabas, waɗanda suka yi shekaru 40 ƙarƙashin mulkin gurguzu, mafi yawan mutane ba su da alaƙa da kowane addini. A gefe guda kuma akwai Musulmi fiye da miliyan 5, da al'ummar Yahudawa, waɗanda ranakunsu masu alfarma Juma'a ce da Asabar.

Daga wannan sauyi ne masu sukar dokar suke ɗauko hujjojinsu, kuma hujjoji ne da ba za a yi watsi da su ba. Suna cewa ƙasar da ke iƙirarin 'yanci ba ta da hurumin tilasta wa marar addini bin kalandar addinin da ya bari, kuma baligin da ya yarda ya yi aiki ranar Lahadi domin ƙarin lada bai cuci kowa ba, haka ma wanda ya yarda ya saya daga gare shi. Suna ƙarawa da cewa uwar da ke renon 'ya'ya ita kaɗai tana aiki kwana shida ita ce ta fi shan wahalar rufe kantuna, cewa cinikin intanet ba ya sanin Lahadi don haka dokar tana karya ƙananan 'yan kasuwar cikin gari ne kawai, kuma mazauna kan iyaka suna tsallakawa garuruwan Holand irin su Venlo da Roermond su kashe kuɗinsu a can. Tarihin dokar rufe kantuna ma ya nuna cewa ƙa'idojin da aka taɓa ɗauka ba sa taɓuwa suna iya faɗuwa, domin dokar 1956 ta sa a rufe da ƙarfe 6:30 na yamma a ranakun aiki da ƙarfe 2 na rana a yawancin Asabar, aka yi ta sassauta ta a 1989 da 1996 da 2003, har a 2006 aka miƙa ikon ga jihohi 16, yawancinsu kuma suka saki ranakun aiki kusan gaba ɗaya. Masu sukar suna ganin Lahadi ce kawai ta rage, kuma lokaci ne zai kawo ta.

Jihar Berlin ta gwada wannan hanya, inda ta ba kantuna izinin buɗewa a dukkan Lahadi huɗu da ke gabanin Kirsimeti, wato lokacin da Kiristoci ke kira Advent, na shirin zuciya kafin bikin, wanda kuma shi ne lokacin da ciniki ya fi kankama. Cocin Furotesta na yankin da cocin Katolika na Berlin suka kai ƙara Kotun Tsarin Mulki ta Tarayya da ke Karlsruhe, kuma a ranar 1 ga Disamba 2009 kotun ta yanke cewa buɗe kantuna Lahadi huɗu a jere ya saɓa wa tsarin mulki. Ta kafa ƙa'ida cewa hutu shi ne asali a ranar Lahadi, buɗewa kuma togaciya ce da ke buƙatar dalili mai nauyi, sannan sha'awar ɗan kasuwa ta ƙara riba da sha'awar mai saye ta yawon kantuna ba su kai wannan nauyi ba. Muhimmin abu a hukuncin shi ne kotun ba ta tsaya ga 'yancin addini kaɗai ba, ta danganta ranar da kare aure da iyali, da lafiyar jiki, da damar haɗuwa a ƙungiyoyi, da ita kanta dimokuraɗiyya, ta kuma jaddada cewa amfanin ranar yana cikin kasancewar mutane suna hutawa a lokaci guda. Tun daga nan kotuna sun soke izinin buɗe kantuna a garuruwa da dama, sau da yawa bisa ƙarar ƙungiyar ƙwadago ta ver.di, wadda ta shiga ƙawance da ƙungiyoyin coci a 2006 domin kare Lahadi.

Wannan batu na hutawa a lokaci guda shi ne zuciyar lamarin, kuma shi ne amsar da ta fi ƙarfi ga hujjar 'yancin zaɓi. Akwai alherin da mutum yake iya mallaka shi kaɗai, kamar barci ko abinci, akwai kuma wanda ba ya samuwa sai an yi tarayya a cikinsa, kuma ranar hutu tana cikin kashi na biyu. Kamar yadda kasuwar ƙauye ba ta ci sai masu saye da masu sayarwa sun san ranarta sun hallara tare, haka ziyara da zumunci da wasan ƙwallon yara da taron ƙungiyar unguwa ba sa yiwuwa idan hutun miji Talata ne, na matarsa Alhamis, na 'ya'yansu kuma Lahadi. Tarihi ya riga ya gwada wannan, domin a 1929 Tarayyar Sobiyet ta ƙirƙiro makon aiki marar yankewa, ta raba ma'aikata gida biyar kowane rukuni da ranar hutunsa, don kada inji ya tsaya kuma don a raunana addini. Ma'aikata sun sami ranakun hutu da yawa a lissafi, amma suka yi ta kukan cewa hutun ba shi da amfani tunda iyali da abokai suna wurin aiki, har aka fara janye tsarin a 1931, aka koma mako mai kwana bakwai a 1940. Bugu da ƙari, zaɓin da ake magana a kai ba daidai yake a hannun kowa ba, domin mai saye yana zaɓar ya je kanti ko ya zauna gida, amma mai karɓar kuɗi a kantin, wadda albashinta ƙarami ne kuma maigidanta ne ke tsara jadawalin aiki, da wuya ta iya cewa a'a. Idan kanti ɗaya ya buɗe, na kusa da shi ma dole ya buɗe ko ya rasa abokan ciniki, ta haka abin da ya fara a matsayin izini yake rikiɗewa ya zama tilas.

Akwai kuma wata hujja da ta fi wannan zurfi, wadda ta shafi matsayin ɗan Adam kansa. Jamusawa sun shahara da girmama aiki, kuma masanin zamantakewa Max Weber ya yi bayani a 1904 da 1905 kan yadda koyarwar Furotesta ta mayar da sana'a wani nau'in kira daga Allah, abin da ya taimaka wajen gina ɗabi'ar jari-hujja. Al'ummar da ta ɗaukaka aiki haka tana cikin haɗarin auna darajar mutum da abin da yake samarwa kawai, wanda hakan ke mayar da tsoho da majinyaci da marar aikin yi kamar kaya a wuyan jama'a. Masanin falsafa Josef Pieper na jami'ar Münster ya yi gargaɗi a kan haka a 1948, a daidai lokacin da ƙasar ke fama da sake gina biranen da yaƙi ya rusa, inda ya bambanta hutun da ake yi domin a sami ƙarfin komawa aiki, wanda har yanzu bawan aiki ne, da hutun da yake da daraja a karan kansa, wanda mutum ke tsayawa a cikinsa ya dubi rayuwa ya karɓe ta da godiya. Idan aka bi wannan fahimta, ranar da ba a ciniki shaida ce da al'umma ke bayarwa sau ɗaya a mako cewa mutum ya fi abin da yake saye da abin da yake sayarwa, kuma attajiri da leburansa suna da rabo ɗaya a cikin wannan shaida.

Amma Pieper ya ƙara da wani sharaɗi mai nauyi, cewa irin wannan hutu tushensa ibada ne, kuma idan aka raba shi da ita sai ya zama zaman banza ko gundura. A nan ne tambayar farko ta dawo da ƙarfinta, kuma tana haɗuwa da sananniyar maganar Ernst-Wolfgang Böckenförde, masanin shari'a wanda daga baya ya zama alƙali a kotun Karlsruhe, wanda ya nuna a 1967 cewa ƙasa mai 'yanci da ba ta addini ba tana rayuwa ne a kan wasu ginshiƙai da ita kanta ba ta iya lamunce su. Doka tana iya rufe kanti, amma ba ta iya sa ɗa ya ziyarci mahaifiyarsa, ba ta kuma iya hana mutum ya ƙare yinin yana sayayya a wayarsa. Alamun raunin suna bayyane, domin a 1995 an soke ranar tuba da addu'a ta Furotesta daga jerin ranakun hutu a duk jihohi ban da Saxony, domin a rage wa masu ɗaukar ma'aikata nauyin sabon inshorar kula da gajiyayyu, wato an yi wa rana mai alfarma kuɗi an sayar. Haka nan a ƙarshen 2023 wata babbar kotu a jihar Hesse ta ce ƙananan kantunan da ke aiki da na'ura ba tare da ma'aikaci ba su ma su rufe ranar Lahadi, sai majalisar jihar ta gyara doka a 2024 ta ba su izini, abin da ya nuna cewa mutane da yawa yanzu suna fahimtar ranar a matsayin kariyar ma'aikaci kawai.

Duk da haka, ba daidai ba ne a yanke cewa ma'anar ta mutu tare da raguwar masu zuwa coci. Masanin falsafa Jürgen Habermas, wanda shi kansa ba mai addini ba ne, ya yi kira a jawabinsa na 2001 a Frankfurt cewa al'ummar zamani kada ta zubar da abin da addinai suka adana na fahimtar ɗan Adam, ta yi ƙoƙarin fassara shi zuwa harshen da kowa zai gane. Hutun Lahadi misali ne na irin wannan fassara da ta yi nasara, tunda ɗan ƙwadago marar addini da limamin coci suna kare abu ɗaya, kowanne da dalilin da ya gamsar da shi, kuma ko gwamnatin gurguzu ta Jamus ta Gabas, wadda ta soke wasu bukukuwan Kirista a 1967, ba ta taɓa Lahadi ba. Abin da ake buƙata shi ne a ci gaba da samun mutanen da suka ɗauki ranar da muhimmanci fiye da yadda doka ta nema, domin daga gare su ne sauran jama'a ke ganin abin da ranar take nufi.

Saura batun adalci ga mabiya sauran addinai, wanda ba a gama warware shi ba. Musulunci bai wajabta hutun yini guda ba, abin da Suratul Jumu'a ta umarta shi ne a bar ciniki idan an yi kiran salla, a kuma watsu neman falalar Allah bayan an idar, saboda haka abin da Musulmin Jamus yake buƙata ranar Juma'a sa'a ɗaya ce ko biyu, tare da ranakun idi. Tunda amfanin ranar hutu yana cikin zamanta ɗaya ga kowa, raba ta bisa addinai zai rushe ta ne, kuma Musulmi da Bayahude su ma suna cin moriyar Lahadi wajen zumunci da tarukan al'ummarsu. Amma ƙasar da ta amince cewa lokacin ibada ya fi ƙarfin riba ba za ta iya taƙaita wannan amincewa ga addini ɗaya ba tare da ta saɓa wa kanta ba. Jihar Hamburg ta ɗauki mataki a 2012 da ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin Musulmi, wadda ta ba ma'aikata da ɗalibai damar neman izinin halartar ibada a ranakun idi, Bremen kuma ta bi sahu a 2013, sai dai jihohi da yawa ba su kai nan ba.

Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne cewa ranar da aka keɓe domin ibada tana iya zama haƙƙin jama'a baki ɗaya, matuƙar abin da take tsarewa na kowa ne, wato lokacin da ba na maigidan aiki ba, ba kuma na kasuwa ba, wanda mutane ke samun juna a cikinsa. Jamus ta yi daidai da ta sa wannan lokaci a tsarin mulkinta, domin abin da aka bar wa gasar kasuwa ba ya daɗewa a hannun masu ƙaramin ƙarfi. Nauyin da ya rage yana kan iyalai da majami'u da masallatai da ƙungiyoyin unguwa, waɗanda su kaɗai ne za su iya cika ranar da abin da ya sa aka ware ta, yana kuma kan majalisun jihohi su faɗaɗa wannan girmamawa ta kai ga Juma'a da Asabar ta waɗanda ke ibada a cikinsu.